Idan Rezo Ya Ɗauke, Me Ya Rage Cikin Kwamfutar?

Wata ƙanwata da ke aikin sakatariya a wani ofishi a Filinge ta kira ni wata rana da hantsi, muryarta duk gajiya. Ta ce, "Yaya, wannan shafin da nake shiga kullum in cika rahoto, ba a iya ɗora mini shi a fuskar kwamfuta kamar Word? Na gaji da buga adireshi. Harafi ɗaya in ya kuskure sai in tsinci kaina a wani wuri." Na ce ana iyawa. Na kwatanta mata inda za ta danna, kafin minti biyu tambari ya fito a allonta, ta yi ta godiya. Bayan kwana huɗu ta sake kira. Rezo ya ɗauke tun safe, ta danna tambarin, taga ta buɗe fara fat, ba komai a ciki sai saƙon cewa babu intanet. Ta ce, "To ai kai ka ce ya zama manhaja, Yaya. Word bai taɓa tambayata rezo ba."

Gaskiyarta ne. Kama da wane ba wane ba ne, kuma ni ne ban fayyace mata tun farko ba. Abin da ake kira mayar da shafin intanet manhajar kwamfuta suna ne guda da ya rufe abubuwa daban-daban. A Turai bambancinsu bai cika damun kowa ba, don rezo a wurinsu kamar iskar shaƙa ne. A ƙasar Kurfai, ko Kurhwai yadda bakin 'yan gida ke faɗi, bambancin nan shi ne tsakanin a tashi aiki da rahoto a hannu da a wuni ana kallon farin allo.

Shafin intanet ba ya zaune cikin kwamfutarka. Yana can cikin wata babbar kwamfuta, a Yamai ko Faransa ko Amurka. Burauza, wato Chrome ko Edge ko Firefox, ita ce 'yar aiken da ke zuwa ta ɗauko shi duk lokacin da ka nema. Word da Excel kuwa a gida suke kwana. Abin da na yi wa ƙanwata shi ne mafi sauƙin dabaru: na sa burauza ta yi wa shafin tambarinsa da tagarsa shi kaɗai, ta ɓoye gurbin adireshi da sauran tarkacenta. A Edge ana samun wannan ƙarƙashin "Applications", a Chrome kuma a nemi kalmar "Installer" cikin jerin da ke ɓoye bayan ɗigo ukun nan na sama, tunda yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke magana. Sai dai ƙofa kawai aka yanka. Kayan na can inda suke.

Dabarar ta tsufa. Mozilla ta gwada ta a 2007 da wani abu mai suna Prism, Chrome kuma ta fito da ita tun zuwanta a 2008. Apple bai kawo ta kwamfutocinsa ba sai 2023, tare da Safari 17. Ba na raina ta. Duk wanda ya taɓa koya wa dattijo aiki da kwamfuta ya san darajar a ce masa "danna wannan koren" maimakon a sa shi haddace adireshi mai harufa talatin, a kan allon rubutun Faransanci da A ke zaune inda Q yake a na Ingilishi. Tagar ba ta ɓacewa cikin shafuka goma da aka bari a buɗe, kuma yaron ofis ba ya rufe ta da kuskure sa'ad da ya zo duba sakamakon ƙwallo. Amfani ne na gaske, iyakarsa kenan.

Dabara ta biyu ta fi nauyi, kuma ita ce mutane suka fi amfani da ita ba tare da sun sani ba. A 2013 kamfanin GitHub ya ƙera wani tsari da daga baya, a 2015, aka raɗa masa suna Electron. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki shafi ya naɗe shi tare da cikakkiyar burauza tasa ta kansa, a ba ka su dunƙule guda ka girka. Slack da Discord da Signal na kwamfuta duk haka aka yi su. Ga kamfani wannan riba ce: ma'aikata su rubuta abu sau ɗaya, ya yi aiki a Windows da Mac da Linux. Ga mai kwamfuta a Bonkuku ko Cikal lissafin ya sha bamban. Kowace irin wannan manhaja takan kai mega ɗari ko kusa da haka wajen saukewa, daga forfen da aka saya da guminsa, ta salular da aka jingina a taga don ta kama rezo. In ka girka uku, ka girka burauza uku ban da wadda kake da ita, kowace na cin rabonta na ƙwaƙwalwar aiki. Kwamfutocin da ke hannun mutanenmu kuwa galibi na hannu ne, masu giga 4, wasu ma 2. Sai ka ji fanka na kuka, batir da dama ya gaji ya ƙare kafin kuran ya dawo. Kamar mutum ne ya sayi jaki dabam don kowane buhu.

Akwai kuma abin da ya fi nauyin muni. Chrome na samun sabon zubi kusan kowane mako huɗu, yawancinsa toshe kafofin da ɓarayi ke bi. Burauzar da aka naɗe cikin manhaja ba ta sabuntuwa sai mai manhajar ya waiwaye ta. A watan Satumba na 2023 an gano wata ɓaraka a hanyar karanta hotuna nau'in WebP, wadda hoto ɗaya da aka shirya da mugunta zai iya buɗe wa ɓarawo kwamfuta. Chrome ta toshe tata cikin kwanaki, amma kowace manhajar Electron sai da ta jira nata masu gyaran, waɗanda aka yi watsi da su kuma suka zauna a buɗe. A Maris na shekarar, masu kutse sun cusa guba cikin manhajar kwamfuta ta kamfanin tarho na 3CX, kamfanin da kansa ya shawarci abokan cinikinsa su cire ta su koma amfani da shafinsa da aka girka ta burauza. In haka ta faru da kamfani mai ma'aikata da lauyoyi, ina ga fayil ɗin da wani ya zuba maka daga kle (USB), ya ce "Facebook na kwamfuta ne"? Akwai kayan aiki na kyauta da kowa zai iya naɗe kowane shafi da su cikin minti biyar. Ɗaya daga cikin sanannunsu, Nativefier, masu shi sun daina kula da shi a 2023. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: shafin da burauzarka za ta iya girkawa da kanta, kada ka karɓi naɗaɗɗensa daga hannun kowa.

Masu sana'ar sun ga matsalar nauyin, shi ya sa aka fito da irin su Tauri, wanda cikakken zubinsa na farko ya fito a 2022. Shi yana aron injin burauzar da ke cikin Windows ne maimakon ya zo da nasa, sai manhaja ta dawo 'yan mega kaɗan. Microsoft ma ta sauke Teams daga kan Electron a 2023. An rage kaya, amma tambayar ƙanwata na nan ba a amsa ba, don naɗe shafi, da nauyi ko ba nauyi, ba ya sa shi aiki ba rezo sai in an gina shi don haka.

Dabara ta uku ce ta amsa ta. A 2015 wasu mutum biyu, Alex Russell injiniya a Google da Frances Berriman mai tsara shafuka, suka ba wani salon gina shafi suna, wanda aka taƙaita shi da harufa PWA. Asirinsa wani ɗan ƙaramin shiri ne da shafin ke bari cikin burauzarka ranar da ka fara ziyartarsa. Ni ina kiransa ma'aji. Yana zaune tsakanin shafin da intanet. Ranar da rezo ke da kyau yana ɗibar abin da za a buƙata, fom da hotuna da umarnin aiki, yana zubawa cikin kwamfutar. Ranar da rezo ya ɗauke, in ka danna tambari, shi ke fito da su daga ajiya. Abin da ka rubuta kuma, in an tsara shafin da kyau, ya jera shi ya jira, sai hanya ta buɗe ya aika. Chrome ta fara girka irin waɗannan a Windows a 2018, Edge ta biyo baya da ta koma kan injin Chromium, irin na Chrome, a 2020.

Bakurfaye ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Damina wata uku ce, ci kuwa wata goma sha biyu, shi ya sa gidan da ba rumbu ba gida ba ne. Rezo a wurinmu damina ne. Filinge na da nisan kilomita kusan 180 daga Yamai a kan hanyar Balleyara, cikin garin ana samun rezo na Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom gwargwadon hali, amma a gangara cikin Dallol Bosso, a nufi ƙauyukan Tondikandiya ko Imanan, ko a haura wajen Tukunus, sai labari ya canza daga tudu zuwa kwari. Eriya na buƙatar wuta, kuma a shekarun nan na rashin tsaro a jihar Tillaberi akwai wuraren da aka lalata ta, mai gyara kuma ba ya zuwa yadda ya ga dama. Ko a can sama igiyar ba ta da kauri. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinta ta ƙasashen maƙwabta irin su Benin yake shigowa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga duhu, har da mu. A Agustan 2023 kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha, aka yi watanni a haka. Wanda ya gina wa ƙasa irin wannan manhajar da ba ta motsi sai da rezo, bai san ƙasar ba.

Abin daɗi shi ne misalan masu rumbu suna hannunmu tuni. Ma'aikatar lafiya ta Nijar tana tattara alƙalumanta ta DHIS2, tsarin da Jami'ar Oslo ta Norway ke jagoranta. Shafinsa na shigar da alƙaluma an daɗe da gina shi ta yadda in rezo ya yanke ana tsakiyar aiki, zai riƙe abin da aka buga cikin burauza har ya dawo. Majo a gidan likita na ƙauye, da ke cika lissafin masu zazzaɓin cizon sauro a ƙarshen watan Satumba, ba ya asarar aikin awa biyu don eriya ta yi tari. Ƙungiyoyin agaji kuma suna yawan amfani da KoboToolbox wajen ƙidayar magidanta da rabon abinci. Fom ɗinsa na burauza, in an buɗe shi sau ɗaya da rezo, yana sake buɗuwa ba rezo, ya tara amsoshi a layi. Gmail ma na da wurin da za a kunna ya ajiye wasiƙun kwana 7 ko 30 ko 90 cikin Chrome, sai dai a kashe yake zuwa, mutum ne zai kunna da hannunsa.

Wanda ya fi burge ni shi ne Kiwix. Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin suka fara shi a 2007, kuma shi gaba ɗaya ya juya lissafin: ya kwashe shafi sukutum, irin Wikipedia, ya matse shi cikin fayil ɗaya, a zuba a kle a kai inda ake so. Akwai na Faransanci, akwai na Hausa. Mushen da ke koyarwa a kwalejin ƙauye, in ya je Yamai hutu ya sauke sau ɗaya, ya dawo da laburaren da ba ya cin mega ko ɗaya har shekara ta zagayo. Haka za a iya yi wa darussan kiwo. A Tukunus, arewa da Filinge, akwai tashar da ta shafe shekaru tun zamanin mulkin mallaka tana kyautata irin shanun Azawak, ilimin da aka tara a can ya isa a ce yana cikin kwamfutar kowane malamin dabbobi na yankin, ko da rezo ko babu.

To amma rumbu ma yana da gara. Abin da ma'ajin nan ya ajiye cikin burauza yake, kuma burauza ba ta ɗauke shi da muhimmancin fayil ɗin Word ba. Na ga wannan da idona a wani ofishi da ba zan ambata ba. An yi mako guda ana cika fom a ƙauyuka, amsoshi na jere suna jiran rezo, kwamfutar ta yi nauyi, aka kai wa mai gyara. Shi kuma da kyakkyawar niyya ya share tarihin burauza da duk ajiyarta don ta yi sauri. Aikin mako ya tafi, kuma ba a ga fayil ɗin da za a ce a nemo ba, don tun asali babu shi a inda ido ke gani. Mai gyaran bai yi ganganci ba, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa a wannan zamanin ana ajiye aikin mutane a wurin da da can shara kawai ake tarawa. Duk mai aiki da irin wannan manhaja ya san abu biyu: kada a share ajiyar burauza sai layin aikawa ya zama fanko, kuma kada a yi aikin cikin tagar sirri, wadda ke mantuwa da komai da an rufe ta. In shafin na da maɓallin fitar da amsoshi zuwa fayil, a fitar kowace yamma a zuba a kle.

Sai tsufan injuna. Microsoft ta daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, Chrome 109 na farkon 2023 shi ne na ƙarshe da ke hawa kansa, Windows 10 ma wa'adinsa ya cika a Oktoban 2025. Manhajar da take shafi ce a ciki tana tafiya da zamanin mai shafin, ranar da ya sabunta abinsa ya wuce ƙarfin tsohuwar burauzarka, tambarin na nan amma ƙofar ta ƙi buɗuwa. Wani ƙaramin abu kuma da ke wahalar da mutane a banza: cikin kowace kwamfuta akwai ɗan batir mai kamar kwabo da ke riƙe agogo. In ya mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya, burauza ta ga takardar shaidar shafin ba ta yi daidai da ranar ba, ta ƙi shiga. Mutum ya yi ta zagin kamfanin salula, alhali gyara kwanan wata ne maganin.

Ɓoye gurbin adireshi, wanda shi ne kwalliyar abin, shi ne kuma haɗarinsa. Adireshi ne kaɗai ke nuna maka gidan wa ka shiga. A 2024 kamfanin tsaro na ESET ya ba da rahoton yadda 'yan damfara suka sa mutane a Cak da Hangari da Jojiya girka shafukan bogi masu tambarin bankunansu a salula, suka kwashe kalmomin sirri. A ƙasar da kuɗin 'yan ci-rani ke zuwa gida ta Nita da Al Izza da Amana, ba sai an yi dogon tunani ba kafin a hango wanda zai kwaikwayi dabarar. Don haka a girka daga adireshin da mutum ya buga da hannunsa ya tabbatar, ba daga wanda aka turo a WhatsApp ba. A kwamfutar da mutane da yawa ke taɓawa kuma, irin ta sibar ko ta ofishin magajin gari, a tuna cewa rufe taga ba fita ba ne. WhatsApp ɗin da aka haɗa da kwamfuta yana ci gaba da karɓar saƙo ko salular mai shi na kashe, har kusan mako biyu. Na san gidan da sirrinsa ya fita ta wannan kafa.

Nauyin gyara mafi girma ba a wuyan sakatariya ko majo yake ba. Yana wuyan waɗanda ke zaune a Yamai suna ba da kwangilar gina waɗannan shafuka, a ma'aikatu da ƙungiyoyi da kamfanoni. Ana gwada sabon shafi a ofis mai sanyi da waya mai ƙarfi, a tafa, a aiko wa jihohi da takardar umarni. Da za a rubuta cikin kowace kwangila cewa sai shafin ya buɗe ba rezo, ya riƙe abin da aka buga, ya nuna a fili guda nawa ke jiran aikawa, ya ba da hanyar fitar da su zuwa fayil, kuma a yi gwajin karɓarsa a kan tsohuwar kwamfuta mai giga 4 a wani gari kamar Damana, da rabin wahalar ta kau. Fasahar ba sabuwa ba ce, tun 2015 take nan, kuma matasanmu da suka karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Abdou Moumouni da sauran makarantu za su iya ta. Starlink da aka ba izinin aiki a Nijar zai taimaki ofisoshin da ke da kuɗinsa da wutar kunna shi, amma ba zai bi ma'aikacin gona zuwa kowace rugga ba. Ina kuma fatan ranar da maɓallan za su yi magana da Hausa da Zabarmanci da Tamashek, tunda su ake ji a kasuwar Filinge ranar Lahadi.

Gwajin da na koya wa ƙanwata daga baya ba ya buƙatar injiniya. Na ce ta girka shafin, ta yi aiki da shi sau ɗaya da rezo, sannan ta kashe haɗin salularta da gangan, ta rufe tagar, ta sake danna tambarin. Ta gwada shafuka biyar da take aiki da su. Biyu suka buɗe, uku suka nuna farin allo, har da na rahoton da ya sa ta kira ni tun farko. Yanzu tana cika alƙalumanta cikin Excel da rana, in rezo ya samu da dare ko da asuba ta kwafe su zuwa shafin. Aiki biyu ne a madadin ɗaya. Ta rubuta wa shugabanta takarda a kan haka, shi kuma ya ce zai tayar da maganar a taronsu na gaba a Tillaberi.